Makullin Baba da Ludayin Kunu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba, idan aka ƙirga daga ruwan shukar bana. Ranar da aka kai shi an wayi gari da ruwa, waɗanda suka raka shi maƙabarta suka dawo da laka har ƙauri, wasu ma daga ƙofar gida suka wuce gona da iri a aljihu. Na san da yana gani ba zai ji haushi ba, shi da kansa zai ce su yi sauri kada ƙasa ta sha iska. Ina da cikin fari lokacin. Tun daga nan, duk shekara idan ƙasa ta jiƙa ta tayar da ƙamshin nan nata, shi nake tunawa. Shekarun baya tunawar da kuka kawai take zuwa mini. Bara ta zo da kunya. Bana ce ta zo da wani abu mai kama da sauƙi, shi ya sa na iya zama na rubuta wannan.

Sunansa Malam Habu. Malamin asibiti ne a ɗakin shan magani na wani ƙauye a gefen Mahuta, ya fi shekara talatin yana wanke miki yana ba da maganin zazzaɓi. Mutane suna ce masa likita, shi kuma ba ya gajiya da gyara musu. Ni ban yi nisa a karatu ba, a aji biyar na tsaya. Abin da na sani na duniya, yawancinsa a kan bencin ɗakin maganin nan na tsince shi, idan na kai masa abincin rana na ƙi komawa gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana Saude ba, sai dai Uwata, kuma yakan ce ba shi da bakin korar uwarsa ko da ta hana shi aiki.

A wuyansa akwai wani baƙin zare a ƙarƙashin riga, da ɗan makulli guda. Da shi yake alwala, da shi yake zuwa Juma'a. Makullin wata 'yar akwatin ƙarfe ce da aka kafe a bango, sama da inda hannun yaro zai kai. Sauran magunguna a fili suke a kan katako, amma ita ban ga ya buɗe ta ba sai sau biyu ko uku. Ɗaya daga ciki ranar da aka kawo wani direba da motar auduga ta danne wa ƙafa. Mutumin ya shigo yana ihun da har awaki suka watse. Baba ya ciro makulli ya yi masa allura, kafin a samo motar da za ta kai shi Funtua ya yi shiru yana salati a hankali. Da yamma na tambayi Baba, tunda abin da ke cikin akwatin yana da kyau haka, me ya sa yake kulle shi?

Ya ce akwai wani fure da ba ya fita a ƙasarmu. Idan furen ya kaɗe sai ya bar wani ƙululu, a tsaga shi da wuƙa ya fitar da ruwa fari kamar nonon tumfafiya, ya bushe ya yi duhu. Sunansa ofiyom. Daga gare shi ake samun maganin da ke kwantar da ciwon da babu abin da ke kwantar da shi, kuma shi ne dai yake kama ƙaton magidanci ya zaunar da shi har gidansa ya mutu yana kallo. Ya ce manyan ƙasashe sun daɗe suna cinikinsa, wasu na nomawa, wasu na lodawa a jirgin ruwa, mutanen ƙasar Sin na zuƙa suna lalacewa, har yaƙi an yi a kansa. Sai fiye da shekara ɗari da suka wuce wakilan ƙasashe goma sha uku suka zauna a wani birni na bakin teku a can Sin ɗin.

Abin da ya fi burge Baba a zaman nan shi ne ba hukunci suka je yankewa ba, ba su ma da ikon ɗaure kowa. Cewa aka yi kowa ya zo da labarin gidansa: ana nomawa a wurinku ko ba a yi, ta ina yake shigowa, wa ke sha, wa ke ci da shi. Mai sayarwa da wanda aka sayar wa, tebur ɗaya. Suka yi ta musu, kowa bakinsa na son karkata wajen maƙwabci, suka tashi da shawarwari kawai. Sai bayan shekara uku aka sake zama a Turai aka sa hannu a takarda, ita ma wasu sun daɗe kafin su yi aiki da ita. Amma daga wannan zaman ne, in ji Baba, magana ta yi ta gangarowa hannu zuwa hannu har ta iso ƙauyenmu ta zama makulli a wuyansa.

Na ce to me ya hana a kama masu sayarwar kawai a huta?

“Uwata, wa zai kama wa?” ya ce. “Da wuya a sami wanda ya zauna a wurin nan babu ɗan abin a aljihunsa. Shi ya sa aka fara da tambaya.”

Na ɗauka tatsuniya ce irin tasa, na ɗauki kwanonina na tafi gida.

Ni an kawo ni wani gari ne a ƙasar Bakori, inda kowa da gonar masararsa, babba ko ƙarama. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane saurin da ake yi a makon noman fari ba. Gonakin gari duka lokaci ɗaya suke neman fartanya, 'yan ƙodago kuma, baƙin da suke zuwa ƙungiya-ƙungiya daga arewa a biya su su nome gona, ba sa isar kowa. Sai ya zama su ne ke zaɓen gidan da za su yi wa aiki. Da can abin da suke tambaya shi ne girman gona da irin abincin da za a kawo. Ban san shekarar da aka fara ba, amma ni na tarar shugaban ƙungiya yana ƙara tambaya ɗaya, a hankali, yana kallon gefe: kunun gidan nan yana da ƙarfi?

Ƙarfin shi ne ƙwayar da ake kira tiramol. Idan mutum ya sha sai ya wuni a sunkuye bai ji bayansa ba, bai ji rana ba. Magidanci mai mutunci ba zai tsaya a bakin gona yana raba ƙwaya da hannunsa ba, kuma a cikin 'yan ƙodagon akwai dattawa masu carbi da idan aka miƙa musu za su kawar da kai. Sai aka samo hanyar da ba wanda zai ji kunya. Maigida ya sayo ranar kasuwa, ya shigo da ita ƙulle a leda, ya ajiye a kan murfin tukunya bai ce komai ba. Matar gida ta fasa ta zuba a kunun gona, ta ƙara tsamiya da sukari su danne ɗacin. Wanda ya sayo bai zuba ba, wadda ta zuba ba ta sha ba, wanda ya sha bai gani ba.

Damina uku ina zubawa. Ranar farko na tambayi maigidana, ya ce maganin ciwon jiki ne, kowa haka yake yi, in ba mu yi ba ciyawa ce za ta cinye takin da muka zuba. Ban sake tambaya ba. Na ware bokiti mai jan murfi na gona, shuɗi na gida, na ce a raina ai ni ma na yi nawa makullin. Wani lokaci ina motsa kunun sai Baba ya faɗo mini, in ce da yana nan me zai ce, sai in ƙara sauri in rufe.

Bara, ranar wata Litinin da hantsi, na gama dama na gona na ajiye shi a gindin darbejiya ya sha iska kafin mai babur ya zo ɗauka, murfin a karkace don tururi ya fita. Ludayin na bar shi a ciki. 'Yata ta biyu, Ma'u, shekararta uku lokacin, kuma tun tana rarrafe na saba mata da lasar ludayi. Idan na gama dama kunu ludayi nata ne, har yayarta ta haƙura ta bar mata. Na shiga ɗaki ƙulla ƙosai. Da na fito na tarar da ita tsaye a kan bokitin, ludayi a hannu biyu, kunu har haɓa, tana yi mini dariya tana cewa da daɗi. Sukarin da na ƙara don kada manya su ji ɗaci, shi ya hana ta ita ma ta ji.

Ban yi ihu ba. Wannan ne abin da har yau nake jin nauyinsa. Na wanke mata baki, na ba ta ruwa, na ce ƙila kaɗan ta sha. Na bar mai babur ya ɗauki bokitin. Domin idan na yi ihu sai an tambaye ni me ke cikin kunun.

Kafin azahar ta kwanta a tabarma a tsakar gida, ita da ba ta barcin rana sai an yi kokawa. Surukata, Inna, ta ce a bar yarinya ta huta. Na ɗaga ta, kanta ya langaɓe. Maƙwabciyata Lantana ta leƙo ta katanga ta ce iska ce, an bar yarinya gindin bishiya, a kawo garwashi a yi mata hayaƙi. Ni kuwa na buɗe fatar idonta da yatsa, yadda na sha ganin Baba yana yi. Baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya koma kamar kan allura. Na sa kunne a ƙirjinta: numfashi ɗaya, sai jira, sai jira, sannan wani. Ranar direban nan Baba ya nuna mini idonsa bayan allura, ya ce in riƙe wannan alama, idan na gan ta a wanda ba a yi wa allura ba kada in yarda a ce mini barci ne.

Na saɓa ta a kafaɗa na fita ko mayafi ban ɗauka ba. Maza duk suna gona. Wanda ya rage a bakin titi da abin hawa shi ne Emeka mai kemis. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsabta, ya fi shekara goma da shago a garinmu. Ya duba idonta, ya dube ni.

“Maman Ma'u, me ta sha? Faɗa mini gaskiya, yau babu lokacin kunya.”

“Kunun gona,” na ce.

Bai ƙara tambaya ba. Ya bar shagon a buɗe, ya tayar da babur, muka kama hanyar Funtua, ina matse da ita tsakanina da bayansa ina kiran sunanta a kunne. A asibiti shi ya yi musu bayani tun daga ƙofa. Aka sa mata abin numfashi a hanci, aka ɗaura ruwa, aka yi allura. Wajen la'asar ta buɗe ido ta fasa kuka tana neman a cire mata abin hannu. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba. Mahaifinta ya iso da ƙasar gona a jikinsa, ya tsuguna a bakin gado yana share ido da hula. Washegari wata malamar asibiti ta zauna kusa da ni, ba ta yi mini faɗa ba, ta ce ita wannan ƙwaya ba daga furen can ake yin ta ba, amma hanyarsu ɗaya a jikin mutum, dangi ne. Ashe abin da Baba ya yi shekara talatin yana kullewa, danginsa nake motsawa da ludayi a tsakar gida.

Kafin mu dawo ranar Laraba labari ya riga ya sauya. An ce yarinya ta tsinci ƙwaya ne a ƙasa a gaban kemis. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma na san maigidana ya ji bai musa ba, Inna ma haka. Har aka ce ai shi ya sa Emeka ya ruga da ita asibiti, ya san abin da ya zubar. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar dattawa za su zauna a zauren Maiunguwa a ba shi wa'adin tashi daga gari. Emeka ya san gaskiya, ni na faɗa masa da bakina, amma bai faɗa wa kowa ba. Matarsa ta zo duba Ma'u da lemo, ta zauna a bakin tabarma, ta ce in an kore su ba ta san inda za su nufa ba, don garin da ake cewa nasu ne sau biyu kacal 'ya'yanta suka taɓa ganinsa.

Kada in yi wa kaina ƙarya, ba tausayinsu kaɗai ne ya hana ni sakewa ba. Ranar Alhamis da safe na leƙa ta katanga na ga Lantana tana dama kunun gona, ga tagwayenta suna wasa a gefen bokiti. Ma'u gida-gida take shiga kamar kowane yaro a unguwa, duk inda ta tarar da kunu za a miƙa mata, ko ta ɗiba da kanta. Za a kori Emeka ranar Asabar, ranar Lahadi a ɗora tukwane kamar kullum. Zan iya tsare bokitina, ba zan iya tsare na gari duka ba. Na sami maigidana na ce, Malam, ina so in faɗa. Shi ba mugu ba ne, na ga hawayensa. Ya ce yarinya ta tashi, Allah ya rufa mana asiri, kada in yaye abin da Allah ya rufe, kuma in sani idan na buɗe baki ba kaina kaɗai na tona ba, har da shi da mahaifiyarsa.

Ranar Juma'a da yamma mata suka cika gidan da barka da arziki. Har Hajiya Laure, matar Maiunguwa, ta zo da sandarta, aka shimfiɗa mata darduma ta ɗora Ma'u a cinya. Hira duk a kan Emeka take. Wata ta ce ita dama yawan gaisuwarsa bai taɓa kwanta mata ba, wata ta ce mata ai ke ko limami ya yawaita gaishe ki sai kin zarge shi, aka yi dariya. Ana cikin haka Lantana ta shigo da kwano a rufe, ta ce ta damo wa mai jiki kunu ne, ta tsuguna ta miƙa wa Ma'u ludayi. Ban san lokacin da na tashi ba. Na buge ludayin ya faɗi can, kunu ya fantsama a zanen Hajiya.

“Ke Saude, guba na zuba mata?” in ji Lantana.

“Daga wace tukunya kika ɗebo, ta gida ko ta gona?”

Abin da na lura da shi, wanda ya ba ni ƙarfin hali, shi ne a cikin matan nan duka babu ko ɗaya da ta tambaya me nake nufi.

Na ce zan faɗi na gidana, ba zan faɗi na kowa ba. Na faɗi ledar, da jan murfin, da sukarin, da yadda na wanke mata baki na yi shiru. Na ce Emeka bai zubar da komai ba, ni na zuba, da wannan hannun. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Don ban san yadda zan tsaya ba sai na ji kaina ina ba su labarin Baba, na furen da ƙasashe goma sha uku da aka ce kowa ya zo da labarin gidansa. Na ba da shi a hargitse, na san da Baba na nan da ya gyara mini wurare da yawa. Hajiya Laure tana goge kunu a zanenta ta ce, to su ƙasashen wa ya fara faɗa? Na ce ban sani ba, Hajiya.

“To nan ke kika fara,” ta ce. “Ni ce ta biyu. Gidan Maiunguwa ma ana zubawa, jikata ke fasawa don ni idona ba ya gani.”

Daga nan sai aka shiga yi ɗaya bayan ɗaya, wata da kuka, wata da dariyar kunya. Lantana ta ce kunun da ta kawo na gida ne wallahi, amma ludayi ɗaya take amfani da shi a tukwanen biyu, ɗauraye shi kawai take yi. Wasu suka ɗauki takalmansu suka fita ba sallama.

An yi zaman Asabar, sai dai ba irin wanda aka shirya ba. An ce Hajiya Laure ta gaya wa mijinta idan ya ba Emeka wa'adi za ta aika masa da bokitin gonarsu har cikin zaure a gaban mutane. Maiunguwa ya buɗe zaman da cewa yau ba korar kowa, kowa zai faɗi na gidansa, ya fara da nasa. Aka kira Emeka, aka kira shugaban wata ƙungiyar 'yan ƙodago. Manoma suka ce baƙi ne ke tambaya. Shugaban ya ce su a gidajen manoma suka koya, lokacin da aka fara son aikin kwana biyu ya ƙare a wuni ɗaya. Emeka ya ce shi bai taɓa ajiye tiramol ba, amma shekarun baya ya sha sayar da maganin tarin nan mai sa maye ga waɗanda ya san ba tari suke ba, kuma da ya daina ba tsoron Allah ne ya hana shi ba, tsoron hukuma ne. An ce nan ne aka yi dariyar farko. Mai kawo ƙwayar kuwa wani ne mai jaka da ke bin kasuwanni, yau yana nan gobe yana can, kowa ya san fuskarsa ba wanda ya san garinsu. Aka tashi da magariba ba a tsayar da komai ba.

Maigidana bai ce uffan ba a zaman, ni ma kwana goma sha ɗaya bai yi mini magana ba. Ya ci abinci ya fita. Na riga na fara tunanin wane ɗaki zan sauka a gidan yayana. Sai wata safiya yana ɗaure fartanya a bayan keke, Ma'u tana gefe tana girkin ƙasa a gwangwani. Ta ɗebo ƙananan tsakuwa, ta riƙa yin kamar tana fasa su da farce tana zubawa, ta motsa da tsinke, ta miƙa masa ta ce ga na gona, ta sa masa ƙarfi. Ya daɗe yana kallon gwangwanin. Ya zauna a kan turmi.

“Wa ya koya mata wannan?” ya ce.

“Mu,” na ce.

A zama na biyu shi ya fara tashi.

Abin da aka tsayar ba a rubuta shi a takarda ba. Kunun gona da na gida tukunya ɗaya. Kafin ya fita, maigida zai sha ludayi ɗaya a ƙofar gida, ya ba ƙaramin yaron gidan ɗaya, a gaban mai ɗauka. Wanda ke son ƙwaya a cikin 'yan ƙodago ba mu da ikon lalube aljihunsa, amma ba za ta ƙara bi ta tukunyarmu ba. Abin bai zo da sauƙi ba. Ƙungiyoyi biyu suka tattara suka nufi wajen Malumfashi. Maimai, wato noma na biyu, ya makara a gonaki da yawa, har da tamu, kuma da kaka rumbunmu bai kai inda ya saba kaiwa ba. Inna ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da kai. Akwai gidaje biyu da na san ba su daina ba sai bana, amma ba zan faɗe su ba, ba na gidana ba ne. Wani dattijo cikin baƙin da suka tsaya ya aiko mini da godiya ta bakin maigidana. Ya ce shekara uku duk ya koma gida da kaka sai ƙashinsa ya riƙa ciwo, jikinsa na neman wani abu da bai san sunansa ba, ya ɗauka tsufa ne.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai yi baƙin ciki ya ga dangin abin da ya rataya wa makulli ana ƙulla shi a leda kamar gishiri. Na san zai ji kunyar 'yarsa, ba zai faɗa ba, zai dai cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Amma ba zai yarda a tsine wa maganin ba, zai tuna mana direban nan, ya ce akwai ranar da mutum zai roƙi a buɗe akwatin. Kuma ba zai yi mamakin zaman farko da ya watse ba a tsayar da komai ba, ko waɗanda suka ƙi, ko waɗanda suka ce to suka ci gaba a ɓoye. Zai ce ƙasashe goma sha uku ma da jiragensu haka suka yi, balle zauren Maiunguwa. Mai jakar nan har yanzu yana zuwa kasuwa. Ban ce an gama ba, kuma ni ba mai sakin jiki ba ce. Har yau ba a miƙa wa 'ya'yana abu ban ɗanɗana ba.

Da Baba ya yi ritaya ya miƙa makullin ga wanda ya gaje shi, amma zaren ya ci gaba da zama a wuyansa, ya ce in ya cire ji yake kamar bai sa riga ba. Da aka raba kayansa 'yan uwana suka ɗauki rediyo da agogo da babbar riga, ni na ɗauki zaren. Shekara shida yana ƙasan akwatina. Bara bayan zama na biyu na ciro shi na ɗaura a mariƙin ludayi, da shi nake rataye shi a ƙusa. Bai bar mana gida babba ko suna ba. Ya bar mini yadda ake duba ido, ya bar mini cewa in abu ya dami gari a fara da tambaya, kuma mai tambayar ya fara da tukunyarsa. Na makara kafin in yi aiki da na biyun, saura kaɗan makarar ta ci mini 'ya. Allah ya ji ƙan Baba, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa masu ciwo.

Makon jiya aka yi noman fari. Na fito da bokiti ƙofar gida, mai babur na jira. Maigidana ya sha ludayinsa ya miƙa wa Ma'u. Na ji hannuna ya ɗaga da kansa, na kama shi da ɗayan. Ta shanye, ta lashe ludayin gaba da baya, ta ruga gidan Lantana, ban kira ta ba. Da azahar dai sai da na jawo ta, na ɗaga fatar idonta da yatsa. Baƙin yana nan a buɗe, yana ƙyalli, har ina ganin fuskata a ciki. Ta ce, Umma, kullum me kike nema a idona?

Na ce mata kakanta nake gaisarwa, na sake ta ta koma wasa.